Kwalbar Gishirin Yaya Sada

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sada mai walda na Ƙofar Marusa. Ya rasu a damunar da sojoji suka miƙa mulki, ya bar mini rumfarsa, da mayen ƙarfensa, da wata tsohuwar kwalba da na daɗe ban kula ta ba.

Aikinmu sitenles ne, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. A zamanin Yaya gwajin ba wuya. Sai ya manna mayen ƙarfe a jikin fallen ƙarfen. In ya kama, ya ce a mayar wa mai shi. In ya zame, ya duba lambar da aka buga. Mai 304 na tukwane ne da tankin nono. Mai 316 na wurin da gishiri ko maganin wanke-wanke zai riƙa taɓawa ne, kamar asibiti. Ni lokacin ban iya karatu ba, shi ke karanta mini. Bayan rasuwarsa na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, don kada a cuce ni a kan lamba uku.

Yanzu na iya, sai ga shi karatun bai isa ba. An shigo da wani mai araha, 201, wanda shi ma mayen ƙarfe ba ya kama shi, amma in ya sha gishiri sai ya yi tabo. Wasu har goge lambar suke su buga wata. Nakan tambayi kaina, da Yaya na nan me zai yi?

Makon jiya wani Alhaji ɗan kwangila ya kawo mini fallaye masu lambar 316, in ƙera tebura da kwanonin ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti a wajen Batagarawa. Wai za a buɗe shi kafin zaɓe. Na karanta lambar da kaina, daidai take. Amma hankalina bai kwanta ba, sai na tuna kwalbar. In Yaya ya yi shakka, yakan yanki ɗan ƙarfen ya jefa cikin ruwan gishiri da tsamiya, ya bar shi kwana bakwai, kowa ke jira ya jira. Haka na yi.

Kullum Alhaji na tafe. Shekaranjiya ya ce, “Malam Lawal, mi kake jira? Ashe kunun tsamiya kake damawa, ba walda ba!” Maƙwabta suka yi dariya, ni ma na yi. Ya ƙara da cewa masu walda sun cika gari.

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ke damuna ke nan. In na ƙi, wani zai karɓa, a kwantar da mata da jarirai a kan teburin da tsatsa za ta ci ta ɓoye ƙazanta. Wataƙila shi ma Alhajin cutarsa aka yi.

Yau da safe, kwana na biyar, na ɗaga kwalbar a hasken rana. Ga jan tabo a gefen yankan, kamar ƙwayar gero. Tsatsa ce, ashe lambar ta ƙarya ce. Yaya bai bar mini ƙarfin halinsa ba. Haƙurin jira kawai na gada, da wannan kwalba. Gobe zan ajiye ta gaban Alhaji ya gani da idonsa. Allah Ya jiƙan Yaya Sada, ni kuma Ya hana muryata rawa.