Kumba a Gindin Rijiyar Baba

Shekarar da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, ina mushen lakkwal, wato malamin makaranta, a wani ƙauye kusa da Allakaye, cikin ƙasar Adar. Rijiyoyi sun ƙafe, magidanta sun ɗaure kaya za su yi kudu tun jakuna na da ƙarfi. Wani tsoho mai ginar rijiya, da kowa ke ce wa Baba, shi ya tsai da su. Ya ce a ba shi wata guda ya tono musu ruwa.

Ran nan da hantsi sai na ji guɗa. A zurfin gaba goma sha huɗu Baba ya tono kumba, bawon nan da tsofaffi ke zuba alli ciki in suna kaɗi. Amma wagga ta kai kamu guda, tsini a ƙasa, faɗi a sama kamar mahuci, kuma ta zama dutse. Kowa a Adar ya san kumba cikin ruwa take zama. Anka ce ruwa ya kusa, anka kwance kaya.

Ni kuwa da shegen son ganin ƙwaƙwaf, na ce a zura ni cikin rijiyar. Can ƙasa ba motsi sai numfashina. Ga wasu kumba irinta tsaye cikin farar ƙasa, sahu-sahu, kowace ta kafa tsininta ta buɗe baki sama. Na sa yatsa a bakin ɗaya, ƙura ce ciki. Na gane su. A littafinmu na makarantar horon malamai na taɓa ganin 'yar'uwarsu tsaye haka a gindin teku, ta riƙe ƙasa da wasu zaruruwa, tana tace ruwan gishiri tana ci. Malaminmu ya ce duwatsun Adar duka gindin teku ne a da, kuma tekun ya janye tun ba a halicci mai jin ƙishirwa ba.

Da anka jawo ni, Baba ya tambayi abin da na gani. Ga mata, ga dattawa, duk ido a kaina. Na ce Allah ya sa albarka. Tsoro ne kawai, ba na son a ce yaron boko ya ƙaryata furfura.

Wata guda ya koma uku, ko damshi babu. Jakuna sunka mutu, har da wanda zai ɗauki jikar Baba, yarinya marar lafiya. Ranar da za su tashi da ƙafa, Baba ya shigo aji ya aje kumbar a kan teburina.

"Mushe, tun ranar nan ka sani, ko?"

Na ce na sani.

"Da ka faɗa, da jakina na da rai."

Ya fita, ya goya yarinyar da kansa. Daga baya na ji ba ta kai garin Madawa da rai ba.