Ranar da Na Shanya Tantanin Injiniya

Akwai ranar da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Tun da kuna gulmata wai na cika faɗa idan na ga mutum ya buɗe roba bai karanta takardar jikinta ba, to ku gyara zama ku ji dalili.

A lokacin, shekarata ta uku ke nan a wannan cibiyar gwaji ta bakin garin Haɗeja. Muƙamina mai kula da kayan ɗakin gwaji, wato in wanke kwalabe, in duba janareta, in kulle ƙofa. Sama da ni akwai Injiniya Hadiza, sama da ita kuma shugaban sashe, Malam Bukar. Ni ɗan masunta ne, gyaran janareta ne ya kawo ni nan, ba zurfin boko ba.

Aikin Injiniya a kan batirin haidurojin yake. Na'ura ce da ake ɗura wa iskar haidurojin ta ba da wutar lantarki, ba hayaƙi, ba ƙara, ruwa kawai take zubarwa. A tsakiyarta akwai wani tantani siriri kamar ledar burodi, kuma shi ne ran na'urar. Sai yana da danshi yake aiki. A zafin garin nan kuwa, nan da nan yake bushewa wuta ta ɗauke. Dabarar Injiniya ita ce ta ƙona ƙaiƙayin shinkafar da ake zubarwa a injinan casa, ta tace tokar har ta fitar da wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda take kira nano, ta cuɗa su a cikin tantanin don ya riƙe ruwa. Wata takwas tana fama, sannan ta samu guda uku da suka yi mata yadda take so. Ta jiƙa su a tataccen ruwa irin na batir, cikin roba mai murfi, ta ajiye a kantar ƙasa. Ranar Alhamis masu tantancewa za su zo, su zaɓi ƙirƙirar da za a kai wani asibitin ƙauye ta kunna firjin rigakafi.

Ranar Asabar da safe kogi ya yi ambaliya. Kafin hantsi ruwa ya shigo mana har ƙauri. Injiniya tana Kafin Hausa wajen mahaifiyarta, hanya ta yanke, waya kuma ba ta shiga. Ni kaɗai na yi ta kwasar kaya ina ɗorawa a kan tebura. Lahadi ruwa ya janye, rana ta fito tas. To ku kun san mu. Duk ɗan garin nan, idan ruwa ya janye, abu ɗaya ya sani: shanya. Tabarma, shinkafa, takardun makaranta, komai a fitar a baza. Haka na tashi na ga ana yi, kuma a gidanmu kifin da aka bari da danshi asara ne.

Na fitar da littattafai da wayoyi na baza. Sai na ga robar nan, jikinta duk laka. Na buɗe, na ga ruwa cike, abubuwa uku suna iyo. Na ce, "Innalillahi, ruwa ya shiga kayan Injiniya!" Akwai takarda manne a murfin, laka ta rufe ta. Da na sa yatsa na goge, da na ga rubutun. Ban goge ba. Na tsamo su a hankali, na shimfiɗa su a kan fallen kwano, har na danne gefensu da tsakuwa don kada iska ta ɗauke. Wallahi ina ta murna, ina jin na yi abin kirki.

Da la'asar na dawo na tarar sun nannaɗe kamar ganda a wuta. Na taɓa ɗaya, sai ji na yi ƙas, ya tsage. A nan ne na goge murfin. An rubuta: kada a fitar daga ruwa.

Litinin Malam Bukar ya riga kowa zuwa. Mutumin kirki ne, ba ya son ganin an wulaƙanta na ƙasa. Ya duba, ya ce, "Sabo, a ƙa'ida duk abin da ya lalace sai an rubuta sanadinsa a littafin rahoto. Ambaliya ta shigo, kowa ya gani. In rubuta ambaliya, magana ta mutu. In na rubuta sunanka, ban san inda za ta tsaya ba, ga ka da iyali."

Ba zan ɓoye muku ba, na so in ce to. Tsoro ya kama ni sosai. Amma na tuna yadda yarinyar nan take wuni tsaye a gaban murhun ƙona toka, da azumi a bakinta. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bari ta zo."

Ta iso da azahar a bayan babur, zanenta duk taɓo. Kai tsaye ta nufi kantar. Na tare ta na ce, "Injiniya, ba ruwa ba ne. Ni ne. Shanya su na yi."

Ta dube ni, ta dubi abin da ke kan tebur. Ta zauna a kan benci, hawaye suna zuba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Can ta share ido da gefen mayafi, ta jawo littafin rahoto, ta ce, "Baba Sabo, ƙarfe nawa ka shanya su?"

Na ce, "Wajen goma."

"A kan me?"

"Kwano."

"Wanne ya fara tsagewa, na gefe ko na tsakiya?"

Haka ta yi ta tambayata tana rubutawa. Malam Bukar ya ce ta bari ya roƙi a ɗaga ranar. An roƙa, ba a ɗaga ba. Alhamis masu tantancewa suka zo suka tafi, ba ta da abin nunawa. Wata ƙirƙirar aka zaɓa, ita kuma shekara guda ta tafi mata a banza. Ni takardar gargaɗi aka ba ni, tana nan a fayil ɗina, kuma na cancance ta.

Na yi zaton ba za ta sake bari in kusanci kayanta ba. Bayan wata biyar ta haɗa sababbi guda shida. Ta kira ni, ta tsamo ɗaya ta miƙo mini, ta ce, "Je ka shanya shi a kan kwano."

Na ja da baya na ce, "Haba Injiniya, ki yi mini rai."

Ta ce, "Ba ba'a nake maka ba, Baba. A ƙauyen da za a kai abin nan, duk wanda zai kula da shi irinka ne, rana kuma ita ce dai wannan. Da ka bari an rubuta ambaliya, da kantar ajiya kawai zan ɗaga sama, in kai musu abin da zai mutu a hannunsu da rigakafin yara a ciki."

Wannan ma ya tsage. Na gaba ma haka. Sai da ta yi ta rage toka tana sauya haɗi, a karo na huɗu muka samu wanda ya wuni a kwano, aka mayar da shi ruwa, ya kama aiki.

Abin da na koya a aikin nan shi ne kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna, kuma littafin rahoto ba wurin rufa wa juna asiri ba ne, don wani ne zai dogara da abin da ka rubuta. Kwanon nan da kuke gani a bayan ɗakin gwaji, wanda kuke tambayar me ya sa ba a jefar da shi ba, shi ne. Duk tantanin da zai fita daga nan sai ya hau shi tukuna, kuma har yau ni nake shimfiɗawa.