Sista Laure da Shaidar Ƙafata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Afrilu, 1988, saura 'yan kwanaki a kama azumi, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata, Sista Laure matar Malam Kalilu, a gidanta na Gwadangaji. An yi mata sutura bayan la'asar. Ban kai ga rakiya ko ƙofar gida ba, ƙafa ta hana.

Sista, ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, rubutun wanga kwana huɗu ya ci mini. Ki yi haƙuri da shi yadda kika yi haƙuri da bakina.

Shekara ashirin da bakwai kika yi kina aikin jinya, mafi yawa a asibitin Argungu. Da kika aje aiki kika dawo Birnin Kebbi, na ce to, yanzu unguwa za ta huta da warin aidin. Ashe asibitin ne ya biyo ki gida. Duk Asabar sai ga 'yan mata nas-nas, daga Argungu, daga nan cikin gari, kowace da fom a jaka. Wagga tana son kwas ɗin tiyata don an ce akwai alawus, waccan na ido take so a Kaduna, wata kuma tana tambaya ko takardar ungozoma za ta ɗaga mata matakin albashi. Kina sauraron su har su gaji. Sannan ki aika a kira ni.

Wanda bai sani ba, ina da gyambo a ƙwauri tun shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa a Zauro. Shi ne jarrabawar Sista. Ba ta ba kowa shawara, ba ta sa hannu a takardar kowa, sai yarinya ta durƙusa ta wanke shi, ta ɗaure. In ta gama a sallame ta waje, Sista ta tambaye ni yadda na ji. Mai fizgar bandeji, da mai kau da hanci, da wadda ba ta gaishe ni ba sai da ta taɓa ni, duk na faɗa, har da ƙari. Takan ce musu: "Alawus yana nan, ba ya gudu. Amma majinyaci bai san matakin albashinki ba, hannunki ya sani." Ta hana wata shiga tiyata ta tura ta wajen yara, yarinyar ta yi wata biyu ba ta gaishe mu ba. Yau an ce a Argungu uwaye da sunanta suke tambaya.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Watan jiya jikata Ruƙayyatu, wadda na raina tun rasuwar uwarta, ita ma nas ce, ta kawo nata fom na kwas ɗin ido, shekara guda a Kaduna. Ta wanke ƙafar, wallahi ban san sadda ta cire tsohon bandejin ba. Da kika tambaye ni, sai na ce hannunta nauyi gare shi kamar na mai sussuka. Na yi ƙarya, Sista. Na duba ɗakina ne na ga ba kowa ciki in ta tafi.

Kika daɗe kina kallona. Kika ce: "Goggo, ƙafar ce ta faɗi haka, ko mai ƙafar?" Na ce ƙafar. Kika ce to, ta dawo bayan sati biyu a sake. Na san lokaci kika ba ni, ba ita ba. Kafin sati biyun ciwo ya kwantar da ke.

Bayan addu'ar uku na gaya wa Ruƙayyatu gaskiya. Ta ɗauko ruwan ɗumi ta yi aikinta, ta tafi asibiti. Na fi son ta yi faɗa.

Ƙarshen watan nan ake rufe karɓar fom, kuma gurbin sa hannun babba yana nan fari. Don haka ina roƙon manyan sistoci, abokan aikin marigayiya, duk wadda wannan takarda ta iske: ƙafar nan ta ga hannu ya fi arba'in, ba ta ga kamar na Ruƙayyatu ba. Wannan ita ce shaidata ta gaskiya. A sa mata hannu ta tafi. Ni zan daure, zan iya zaman shekara guda ni kaɗai.

Allah ya jiƙan Sista Laure, ya sa jinyar da ta yi wa bayinsa ta zama mata haske a kabari, ya yafe mata, ya yafe mini. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Kalilu, da 'ya'yanta Dikko da Maryamu, da 'yan uwa na Argungu, da dukan nas-nas ɗin da ta raina. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Goggo Hodi, Gwadangaji, Birnin Kebbi, Jihar Sakkwato.