Mai Duba Bayan Hoto

A bakin kasuwar Arlit, kusa da mai shayi, wani baƙo yana zaune kan benci da jakar fata a cinyarsa. Rigarsa fara ce tas, hannunsa sumul, muryarsa da laushi. Wai tsofaffin hotuna yake karɓa, ya kai Agadas a gyara su, a ƙara musu girma.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Duk hoton da aka miƙa masa, bayansa yake fara dubawa, yana neman hatimi da shekara. Fuskar kuwa kallo ɗaya yake mata. Ina zargin akwai masu sayen kayan dā da ke jiransa, kuma abin da ya shiga jakar nan ba ya dawowa. Wataƙila ni ne mai mugun zato.

Ga wata tsohuwa tana kwance bakin zanenta. Ta fiddo hoto, ta miƙa wa baƙon. Hoton baƙi da fari ne: saurayi da hular kwano ta ma'aikatan ramin uraniyum, ya ƙame, yana danne dariya.

"Marigayi maigidana ne, Nomau, shekarar da ya zo daga Tawa," in ji ta. "Shi kaɗai ya rage mini."

Baƙon yana gyaɗa kai, yatsunsa na buɗe jaka. "Sati biyu kawai, Inna."

"To ɗana, wa na ce maka sunansa?"

Ya yi murmushi, ya sake juya bayan hoton. Ba a rubuta ba.

Ta zare abinta daga hannunsa, ta ƙulle.