Salkar nonon Habboba

Yau a aji na ɗaura dutse a zare don in nuna wa ɗalibaina yadda abu ke lilo. Awa biyar ina tsaye, muryata ta dushe, rabinsu na gyangyaɗi saboda zafi. Da dutsen ya fara kaiwa da komowa, sai kakata ta faɗo mini a rai. Habboba muke ce mata.

Kowace safiya, a ƙauyenmu kusa da Suki, takan rataye salkar nono, jakar fata, tsakanin sanduna uku a ƙarƙashin rumfa, tana tura ta har mai ya tashi. Ina jin ƙarar nonon a cikin fata da ƙamshin tsaminsa har yanzu.

Shekarar da na faɗi jarrabawar shahada na ce na bar karatu. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce kafaɗarta na ciwo, in karɓe ta. Na riƙa bugun salkar da haushi, sandunan na rawa, hannuna ya mutu, mai bai fito ba.

"Ɗiyata, ba dambe kuke ba," in ji ta. "Tana da nata lokaci. Jira ta dawo gare ki, sannan ki taɓa ta kaɗan."

Na jira, na taɓa. Kafin hantsi muka kwashe mai cike da ƙwarya. Da aka buɗe makaranta, na koma.

Ba ta ga ranar da na fara koyarwa ba. Allah Ya hutar da kafaɗun nan, Ya sanyaya makwancinta.