Kabarin Reinhold Maƙeri

Eckhard ɗan Reinhold maƙeri ya bar garinmu tun gemu bai gama tsiro masa ba, da akwatin kwali a hannu, kuma ko waiwaye bai yi ba. A lokacin ba wanda ya ga laifinsa. Garin ɗan mitsitsi ne, maƙale tsakanin tsaunuka biyu, rana ba ta leƙo shi sai hantsi ya dubi ludayi. Abin taƙamarmu ɗaya ne, ƙarfe. Kakanninmu sun haƙo tama a cikin dutse, sun narka, sun ƙera lauje da gatari da sarƙa da suka zaga Jamus kaf. A bakin rafi akwai wata ƙatuwar guduma da ruwa ke ɗagawa ya saki, duk wanda ya shekara goma a gindinta sai kunnensa ya tafi. Reinhold ya shekara arba'in. Shi ya sa ko gaisuwa zai yi maka sai ka zaci faɗa ne.

Wannan muryar ce Eckhard ya tashi yana jin kunyarta, ita da hannun uban, wanda gawayi ya shige cikin tsagarsa har ba sabulun da ke fitar da shi. Da ya isa birnin Bremen ya koyi aikin tabarau, ya sa farar riga, ya koyi magana ƙasa-ƙasa, ya kankare harshen tsauni daga bakinsa tas. In an tambaye shi sana'ar mahaifinsa sai ya ce, "Harkar ƙarfe yake yi," ya bar mutum ya zaci masana'anta gare su. Ranar auren Eckhard, Reinhold ya hau jirgin ƙasa ya je, cikin kwat ɗin da ta matse shi a kafaɗa. Eckhard ya zaunar da shi can ƙarshen tebur, kusa da ƙofar kicin. Tsoho ya ci abincinsa, ya ɗaga kofi ya ƙwala wa amarya fatan alheri har gilasai suka amsa, ya dawo gida yana gaya wa kowa irin karamcin da aka yi masa.

Kada a ɗauka Eckhard mugun mutum ne. Bai taɓa cutar mai saye ba, kuma da aurensa ya mutu shi ya riƙe 'yarsa Wiebke har ta girma. Mutum ne dai mai ajiye abu zuwa baɗi.

Da aka rufe maƙera, Reinhold ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya ƙera wa kansa gicciyen kabari. Ya fi mutum tsayi, da furannin ƙarfe suna hawa jikinsa, ga allo uku na suna: na matarsa da ta riga shi, nasa, da na uku da ya bari babu rubutu. Da ya rasu Eckhard ya zo jana'iza, ya sayar da gidan, ya koma. Daga nan ziyarar kabari sai baɗi, sai baɗin baɗaɗa. Shago ba ya barin mutum, hanya da nisa, hunturu akwai ƙanƙara. Kullum da dalili, kuma kowane dalili gaskiya ne.

Sai ga tsufa ya zo, likita ya ce zuciyar ta gaji, a fara kintsawa. A nan ne gida ya faɗo wa Eckhard a rai. Ya ce wa Wiebke ta kai shi, yana so ya nuna mata inda za ta binne shi, kusa da uwarsa da ubansa. Suka kama hanya a mota tana tuƙi, duk tsawon hanya bakinsa bai huta ba, har tsohon harshen ya fara dawo masa. Ya ba ta labarin gudumar, da rafin, da gicciyen da babu irinsa.

"Allo na ukun nawa ne," in ji shi. "Kakanki bai taɓa faɗa ba, amma kowa ya sani."

"To me ya sa ba ka taɓa kawo ni ba, Papa?"

"Ai ga shi na kawo ki. Kula da kwanar nan, tana da sharri."

Maƙabartarmu tana kan gangare bayan coci. A nan garin mutum zai iya barin ɗakinsa kaca-kaca, amma ba ya barin kabarin gidansu da ciyawa, don kowa na ganin na kowa. Duk Asabar za ka ga tsofaffi sun hau da ƙaramar fartanya, kowa ya kwance garwarsa ta ban ruwa daga inda ya ɗaure ta da kwaɗo. Eckhard ya shiga gaba da sandarsa, ya bi ta gindin katanga, ya karya dama wajen famfo, ya tsaya. Ya koma baya ya sake biyowa. Inda ya san gicciye yake, wani baƙin dutse ne mai sheƙi, da furanni ja a gabansa, an rubuta Lothar Krämer.

Yanzu fa, ba wani ɗan ƙasar nan da bai san cewa wa'adin kabari shekara ashirin da biyar ne ba. In wa'adi ya cika dangi su je su sabunta, in ba su je ba a cire alama, a baje wurin, a ba wani. Eckhard ya sani sarai, ya ma taɓa tuna wa wani abokinsa. Sai dai a ransa mahaifinsa kwanan nan ya rasu, bai taɓa zama ya dubi yawan shekarun ba. Yana tsaye a nan ya duba, sai ya ga wa'adin ya daɗe da wucewa.

"Ko layin ne ka manta?" in ji Wiebke.

Kafin ya amsa sai ga wata tsohuwa ta taho da garwa, tana tafe tana ɗingishi. Ta tsaya ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

"Wa nake gani kamar Ecki na gidan maƙeri? Ashe kana duniya!"

"Irmtraud? Ke ce?"

"A'a, fatalwata ce. Matsa, ka taka wa mijina furanni."

Irmtraud maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su, tare suka yi makaranta. Ta zuba ruwanta a tsanake, ta tsinke wani busasshen ganye, sannan ta dubi Wiebke.

"Wannan 'yarka ce? Goshin Reinhold sak. Sannu yarinya, ni ce na yi wa kabarin kakanki ban ruwa shekara ashirin da biyar. Hanya ɗaya ce da ta iyayena, ban ce na yi wani abin a zo a gani ba."

"Ba wanda ya sanar da ni," in ji Eckhard, muryarsa can ciki.

"Ina za a same ka? Ka sauya gida ba ka gaya wa kowa ba. Da wa'adi ya kusa suka kafa ɗan allon nan mai ruwan ɗorawa a kan kabarin, wai dangi su zo ofis. Ka san shi ai, wanda ba mai son a gani a nasu. Hunturu biyu ya yi a tsaye. Duk garin nan ba wanda bai karanta ba, har 'yan yawon buɗe ido. Ni na riƙa goge masa ƙanƙara, na ce ko za ka zo ranar da ba na nan."

Eckhard ya so ya ce shago, ya so ya ce ciwo. Ya duba ya ga babu wanda zai iya fitowa daga bakinsa a gaban matar nan da garwarta. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, ga 'yarsa a gefe tana jin komai.

"Da mijina Lothar ya rasu na ce a ba ni nan," in ji Irmtraud. "Na riga na san ƙasar, na san abin da take so. Iyayenka suna nan ƙasa, ba wanda ya taɓa su. Gefen nan kuma nawa ne, kada ka sa rai."

"Gicciyen fa?" Wiebke ce ta tambaya.

"Yana maƙera. Sai da na yi da gaske, da tuni masu gwangwan sun tafi da shi. Ku je ku gani, yanzu ake shiga da baƙi. In kun fito ku biyo ku sha kofi, na yi kek. Ba don kai ba, Ecki, don ita."

Maƙerar yanzu gidan tarihi ce. An share ta fes, tsaftar da ba ta taɓa gani ba lokacin da take aiki. Suka tarar da ayarin baƙi, tsofaffi da iyalai masu jakar goyo, wata budurwa mai jar riga tana yi musu bayani. Ta nuna zugazugi da awartaki, ta buɗe wa ruwa hanya, guduma ta ɗaga ta faɗo sau uku, ƙasa ta girgiza, mutane suka toshe kunne suna dariya. Eckhard bai toshe ba.

Daga nan ta kai su bangon ƙarshe. Ga gicciyen an jingine shi, an shafe shi da baƙin fenti, fitila na haska shi. Ya fi yadda Eckhard ya riƙe shi a rai kyau. Bai taɓa lura ba cewa kowane fure da irin buɗewarsa, wani ya buɗe sosai, wani bai gama ba.

"Wannan aikin maƙerinmu na ƙarshe ne, Reinhold," in ji budurwar. "Da hannunsa ya ƙera wa kansa. Mun samo shi daga maƙabarta bayan wa'adin kabarin ya cika."

Wani mai ƙaton ciki ya ce, "Kai! Abu kamar wannan, iyalinsa suka bari?"

"Ba shi da kowa. Yadda aka gaya mana, zuriyarsu ta ƙare."

Wata mata ta ce Allah sarki. Wiebke ta buɗe baki, ta fara ɗaga hannu. Eckhard ya damƙe mata gwiwar hannu da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba, ya girgiza kai. In ya ce ga shi, mai ƙaton cikin nan zai juyo ya dube shi, kuma tambayar da zai yi ba ta da amsa. Ya tsaya a bayan baƙi kamar kowane baƙo, har ayarin ya wuce wajen sayar da 'yan ƙusoshin tsaraba.

Ba su je shan kofin ba. A mota Wiebke ta sa makulli amma ba ta tayar ba.

"To yanzu ina zan kai ka, Papa?"

"A Bremen akwai filin ciyawar nan na bayan maƙabarta, inda ba a sa suna," in ji shi. "Can za ki kai ni. Ma'aikata ke yanke ciyawar, ba ya bukatar kowa."

"Haba Papa. A yi maka kabari sosai, da dutse da suna. Ni zan riƙa zuwa."

Eckhard ya dube ta. Da gaske take, har idonta ya kawo ruwa.

"Na sani," ya ce. "Haka ni ma na gaya wa kakanki."