Murɗin Bahago

Sai da aka kwana shida da binne ka, Yaya Arvil, sannan na gane abin da aka yi maka. An tara mu a ofishin kamfanin kwal, mu ma'aikatan gidan kwanan leburori da mazan da suka tsira daga gobarar, wai za a karanta mana sakamakon bincike. Mista Pruitt, manajan mahaƙa, ya warware farin hankici a kan tebur. A ciki akwai guntayen waya biyu murɗe da juna, sun ƙone ƙurmus, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. Ya ce daga nan wutar ta tashi, a cikin rufin bene. Ya ce littafin kamfani ya nuna kai ka ja wayar gidan, saboda haka sakacinka ne ya ci gidan, ya ci ka. Ya faɗi wannan da tattausar murya, kamar mai yi maka alfarma. Na sunkuya na dubi wayar da kyau. An murɗa ta yadda ake rufe murfin kwalba. Kai kuwa tun da uwarmu ta haife ka ba ka taɓa murɗa komai ta wannan gefen ba.

Ga wanda labari bai kai masa ba: Arvil Sizemore, wana uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu ranar Talata tara ga Maris, 1948, da hantsi, a gobarar gidan kwanan leburori na garinmu, Tansy Creek. Shekararsa hamsin da huɗu. Ya bar matarsa Verna da 'ya'ya mata uku. Allah ne ya ba mu shi, Allah ne ya karɓa, wannan ba ni da ja a kai. Da mutane nake ja.

Bahago ne kai, kuma ka sha wuya a kan haka. Malamar makarantarmu ta doki hannunka na hagu da rula har ya kumbura, ka koyi rubutu da dama don dole, rubutun kamar tonon kaza. Amma duk abin da ba alƙalami ba, hagu ke yi. Ka tuna ranar wanki muna yara? Inna takan ba mu zanin gado mu matse, ni a wannan baki, kai a wancan. In na juya nawa, kai ma ka juya naka ta gefenka na bahago, sai zanin ya yi ta birgima a tsakaninmu, ko ɗigo ba ya fita. Inna ta leƙo ta ce, "Ku biyun nan sai rana ta faɗi kuna juya shi kamar nama a kan wuta!" Mu yi ta dariya har mu saki zanin a ƙasa, a sake wanki. Wanda ya matse zani da kai shekara goma ba za a nuna masa murɗin wani a ce naka ne ba.

Da aka kawo lantarki kwarin nan, kai aka ba aikin ja wa gidaje waya. Ba ka da ƙarfen liƙi, kuma da kana da shi ma, ina za ka jona shi a gidan da wuta ba ta shiga ba tukuna? Fitilar walda kuwa ka ce ba za ka shiga da harshen wuta cikin rufin katakon da ya bushe kamar kara ba. Ɗan ludayin ƙarfe gare ka mai doguwar mariƙa. Sai ka kankare bakin wayoyin da wuƙa har jan ƙarfen ya yi ƙyalli, ka murɗa su da filaya, ka shafa ƙaro, ka lanƙwasa haɗin ya dubi ƙasa. Sannan ka sauko ka ɗora ludayin a murhun matar gida har dalma ta narke, ka ɗauka ka hau tsani ba gudu ba nawa, ka ɗaga ludayin har haɗin ya nutse, ka ƙirga biyar. In ka sauke, sai ka ga ya fito fari fes kamar azurfa. Sai ya huce ka naɗe shi da baƙin salatif. Haɗi ɗaya, hawa biyu, sauka biyu. Damtsenka duk tabo ne, domin ɗigon gumi ɗaya in ya faɗa a ludayin, dalma tofi take yi.

Babu murhun da ya sha ludayin nan kamar nawa, tun da ni ke girki a gidan kwanan leburori, kuma kai ka ja wayar ƙasan gidan. Kullum muna faɗa.

"Ɗauke min ludayin tsiyar nan, wake nake dafawa!"

"Wake? Na ɗauka tsakuwa kike gasawa. Opal, in na zuba wa mutanen nan dalma a kwano, sai sun fi jin daɗin taunawa."

"To kar in ga hannunka a burodin masarata."

"Wanne daga ciki? Hagun ya riga ya ɗauka."

Na tambaye ka wata rana me ya sa kake wahalar da kanka haka, alhali in an naɗe salatif babu mai ganin abin da ke ciki. Ka ce jirgin ƙasan kwal yana wucewa sau takwas a rana, kowane wucewa gidajen nan rawa suke yi. Haɗin da aka murɗa ba dalma, wanda kake kira busasshe, a hankali zai saki, in ya saki zai yi zafi, kuma zafin ba ya sallama. Ban fahimci rabin maganar ba a lokacin. Na dai ce ka matsa min daga bakin murhu.

Gida hamsin da biyu ka yi a layin ƙasa, har da coci. Mata da yawa a garin nan sun san ba a aiko ka ba kake komawa da yamma ka duba ko wani abu na ɗumi a bango. Shekara shida ke nan, ko ƙauri ba a taɓa ji a gida ɗaya ba.

Sai aka kawo Mista Pruitt bara. Ya tsaya da agogo a hannu yana kallon ka kana hawa da sauka, ya ce kana cin kwana uku a gidan da ake gamawa a wuni ɗaya. Ya ce ka murɗa ka naɗe ka wuce. A ƙofar kicin ɗina aka yi, ina jin komai.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, mutane za su kwana a ƙarƙashinsa."

Ya ce, "Ba wa'azi na ɗauke ka ka yi min ba."

Ka ce, "To ka nemi wani hannun. Nawa bai iya ba."

Washegari aka mayar da kai ɗakin fitilun mahaƙa kana goge gilashi, aka ce in aka sake ganin ka da filaya a gidan kamfani, ka tattara iyalinka ka bar kwarin. Aka ɗauko wasu mutum uku daga birni. Su suka ja wayar benen gidanmu, su suka yi gida talatin da ɗaya na layin tudu, duk a cikin wata guda. Ko sau ɗaya ba su nemi murhuna ba. Ko sau ɗaya. Abin da suka nema kofi ne.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don kada a ce na tone na wasu na rufe nawa. Mako guda kafin gobarar, duk lokacin da na hau bene canza zannuwa, ina jin wani ƙauri kamar an bar roba kusa da wuta. Na faɗa a ofis har sau biyu, aka ce taba ce leburori ke sha a gado. Kai ne ban faɗa wa ba. Na san halinka: da ka ji, da ka ɗauki ludayi ka hau a ranar, a kore ka, Verna da yara su rasa wurin zama. Na yi shiru don in tsare maka aikinka. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi, kuma ba na so kowa ya zo ya ce min in daina tunani.

Ranar Talatar, lokacin barcin 'yan aikin dare ne, su mutum tara da ke kwana a bene. Ina yanka albasa na ji rufi na ƙara kamar ana karya kara. Kafin in fita tsakar gida in ɗaga kai, hayaƙi ya riga ya cika tagogi. Daga ɗakin fitilu ka taho a guje, da tsumman goge gilashi a hannunka, ka jiƙa shi a duron ruwana ka rufe hanci ka hau. Ka tashe su. Biyar suka sauko da ƙafarsu, uku ka jawo su. Na ƙarshensu Dillard Noble ne, a kafaɗa ka sauko da shi, ƙato kamar sa, ka ajiye shi a gabana. Sai ka ƙirga su da ido ka ce, "Ina Kawu Lige?" Tsohon nan kurma da ke kwana a ɗakin ƙurya. Na riƙe rigarka. Ka ce, "Sake ni, Opal, ba ya jin ihu." Ka koma. Kawu Lige kuwa tun safe ya fita sayen taba, yana kanti. Rufin ya rufta kana ciki.

Har yau ina fushi da kai a kan komawar nan, Yaya. Ka yafe min, amma ina fushi.

To, a ofis ɗin, da na gama duba wayar, sai na ɗago na ce wannan ba aikinka ba ne, babu dalma a jikinta. Mista Pruitt ya yi murmushi ya ce ai dalma narkewa take yi a gobara, kowa ya san haka.

Na ce, "Na yarda wuta tana narka dalma. Tana juya murɗi kuma? Wannan na mai hannun dama ne. Arvil bahago ne. A je kowane gida a layin ƙasa, a buɗe rufi, a warware salatif a gani."

Ya ce, "Baiwar Allah, baƙin ciki ne ke damun ki. Ke mai girki ce, ki bar wa maza maganar waya."

Na juya wajen mazan. Na ce, "Dillard, a ɗakinka suka kafa tsani. Kai ka riƙe musu fitila. Su wa suka ja wayar bene?"

Dillard ya dubi takalminsa ya ce, "Anti Opal, ni ban cika lura ba."

Bai cika lura ba! Mutumin da har yanzu numfashin da yake ja kyautar kafaɗarka ce. Na san yana da mata da jariri a wani gari, na san kamfani ke da gida da kanti da hanya. Na san tsoro, ai na faɗi abin da nawa tsoron ya jawo. Amma ni na yi shiru ban san ƙarshen abin ba. Ku kun ga ƙarshensa, kun ɗauki akwatinsa a kafaɗunku, kun ci wake da naman alade a gidan Verna bayan jana'iza, sannan kuka zauna mutum takwas aka shafa wa mamaci baƙi a gabanku, ba wanda ya yi tari.

Mista Pruitt ya naɗe hankicinsa ya sa a aljihu. Da yamma aka manna takarda a ƙofar ofis, an rubuta cewa gobarar ta faru ne saboda sakacin marigayi A. Sizemore. 'Yarka ƙarama tana wucewa ta gaban ƙofar nan kullum in za ta makaranta, kuma ta iya karatu.

Na san dalilin da ya sa aka zaɓe ka. Mamaci ba ya musu. Kuma in laifin naka ne, to ya bi ka kabari, ba sai an buɗe rufin kowa ba. In kuwa na mutanen birni ne, sai an hau layin tudu gida gida, sai an tambayi wanda ya kawo su, wanda ya tsaya da agogo. Don haka ba sunanka kaɗai nake wa wannan kuka ba, ko da yake sunanka ma ya isa.

Allah ya jiƙan ka, Yaya Arvil. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya karɓe ka hannu biyu, ya ba ka hutun da ba ka samu ba a kan tsani. Verna, 'yar uwata, shekara ashirin da shida kina shafa masa mai a ƙunar dalma, Allah ya ba ki haƙuri, ya tsaya miki. 'Ya'yana Lorene, Wilma da Ruby, Allah ya raya ku. Ku ɗaga kanku in kun wuce ofis, ubanku bai taɓa barin busasshen haɗi a bayansa ba. Kawu Lige, ka daina zuwa ƙofata kana kuka, ba ka yi komai ba, taba ka je saya. Waɗanda suka san gaskiya suka haɗiye, ban iya yi musu addu'a ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na yi ba.

Na rubuta wa mai binciken gobara na gunduma wasiƙa, ya amsa cewa yana bukatar shaida biyu waɗanda suka ga aikin da idonsu, ya haɗo da takardar da za su sa wa hannu. Na sa hannu a layin farko. Layi na biyu ba kowa. Ba a cire takardar daga ƙofar ofis ba, kuma a cikin gida talatin da ɗaya na layin tudu, ba a buɗe rufin ko ɗaya ba.